Bana Mas'uda Ba Ta Sha Azumi Ko Ɗaya Ba

Salamu alaikum matan kirki, da ku waɗanda ake kan gyarawa. Ku gyara zama, ku rage ƙarar rediyo. Abin da kunnena ya kwaso ne zan juye muku, in kuma an tare ku an tambaya, kada wadda ta ce a bakina ta ji.

Malama Mas'uda nake nufi, ta Tudun Wada a nan Gusau, wadda ke koyar da 'yan aji huɗu a firamare. Doguwa ce mai wushirya, shekararta arba'in da bakwai, ko da yake in kun tambaye ta za ta yi dariya ta ce ba ta riƙe lissafi ba. Furfura ta fara leƙo mata ta gaban goshi, duk ranar Alhamis sai ta dama lalle ta danne ta, ranar Talata kuma ta sake leƙowa.

Shekara ashirin da shida ta yi a gidan Alhaji Sahabi na Tsafe, mai harkar hatsi. Ta haifa masa uku, duk sun tashi, mata biyu suna ɗakunansu, namijin yana aiki a kudu. Sahabi bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma da ya yi hakan da ko banza ta sami tabon da za ta nuna wa danginta. Shi makaminsa shiru. Sai ya yi wata huɗu bai ce mata uffan ba, suna gida ɗaya, tana ajiye masa tuwo yana ci yana wanke hannu. In ta gaishe shi ya dubi bango. In baƙi suka zo kuwa ya dinga kiranta uwar gida sarautar mata, har su tafi suna yi mata barka da dacen miji.

Shekara biyu da suka wuce jikinta ya fara canja mata. Tana zaune lafiya sai wani zafi ya taso mata daga ƙirji ya hau wuya ya mamaye fuska, gumi ya jiƙa rigar sharkaf, ko da kuwa sanyi ake yi. Barci ya ragu, zuciya ta ƙi haƙuri da abin da ta saba haƙuri da shi. Wata safiya tana fifita da murfin kwano, Sahabi ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iska, ya ce ɗakin nan ya fara warin tsufa. Ita kuwa bakin da ya yi shekara ashirin da shida a rufe sai ya buɗe da kansa. Ta ce masa ai tsufan a gidansa ta same shi, ba da shi ta zo ba.

Ya zaro katin ɗaurin auren wani daga aljihu, ya juya bayan katin, ya rubuta mata saki ɗaya. Ranar uku ga watan Rajab, wanda muke ce wa watan azumin tsofaffi. Kafin la'asar ta iso Gusau da akwati biyu da keken ɗinkinta, ta buɗe ɗan gidan da ta gada wurin mahaifiyarta, ta share, ta shimfiɗa tabarma. An ce ranar ta yi barcin da rabonta da irinsa tun tana budurwa.

To, ku 'yan mata masu karanta ni a ɓoye, ku saurara, don nan ne maganar take. Iddar macen da aka saka ba da kalanda ake ƙirga ta ba, da jini ake ƙirga ta. Sai ta ga al'ada sau uku. Ranar da na ukun ya sauka, ta fita daga hannun miji, in yana sonta sai ya biyo layin masu nema. Amma kafin na ukun nan, in saki ɗaya ne, kalma guda ta ishe shi. Ya ce na mayar da ita, shi ke nan ta koma matarsa, ko tana so ko ba ta so, ko tana wurin ko ba ta nan.

Na farko ya zo wa Mas'uda a tsakiyar Rajab. Na biyu ya ɗan yi jinkiri, ya zo a Sha'aban, kwana biyu kacal ya ɗauke. Na uku kuwa a cikin azumi ya kamata ya zo. Ta tanadi audugarta a ƙarƙashin zannuwa. Goman farko ta wuce, ta tsakiya ta wuce, aka shiga ta ƙarshe. Kowace safiya ta duba, kowace safiya fari fat. Abin da ta yi shekara talatin da wani abu tana tsaki in ya zo, shi ta koma roƙo a sujada.

Aka ga wata, aka yi Salla. Dangi suka lanƙwasa yatsu: Rajab, Sha'aban, Ramadan, wata uku sun cika. Yayanta Lawwali na Bunguɗu, wanda shi ne waliyyinta tun rasuwar mahaifinsu, ya bugo waya ya yi mata barka da fita idda. Ta ce masa na gode, Yaya. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma gyara masa ba. A ranta ta ce ai yau ko gobe zai zo, maganar ta zama gaskiya da kanta.

Kuskuren washegarin Salla ta yi shi. Akwai wani zauren matan dangi da suka buɗe a waya tun bikin ɗiyarta, ba a rufe shi ba, kuma dangin Sahabi suna ciki. Aka tayar da gardamar da ake yi duk shekara, ko mace za ta fara rama azumin da ta sha ne kafin ta ɗauki Sitta Shawwal, ko za ta iya yin Sittar tukuna. Wannan ta ce bakwai ake binta, waccan ta ce biyar. Mas'uda tana kishingiɗe, cikinta cike da waina da miyar taushe, ranta fes, sai ta rubuta:

"Ni kam bana babu ramuwa a kaina ko ɗaya, gobe in sha Allahu zan ɗauki Sitta."

Aka yi ta turo mata masha Allah. Mutum ɗaya ce ba ta turo komai ba, Hajiya Aziza, yayar Sahabi, wadda ke aure a Samaru nan Gusau. Ita ta karanta, ta ajiye waya, ta ɗauko kalanda. Sai bayan kwana uku Mas'uda ta gane abin da ta rubuta, tana tsaye a aji da alli a hannu. Ta fita ta goge saƙon, amma duk wadda za ta gani ta riga ta gani.

A cikin Shawwal ɗin nan ne Malam Dalhatu ya fara sallama. Tsohon malamin dabbobi ne, ya yi ritaya, matarsa ta rasu shekara huɗu, yana da gona a hanyar Wanke. Gajere ne mai sanƙo, ba ya ɓoye shi da hula in zafi ya yi. Ba turare ya fara kawo mata ba, ba atamfa ba. Zuwansa na biyu ya lura tana miƙa waya can nesa kafin ta karanta, zuwa na uku sai ga shi da tabarau a cikin ɗan gidansa na fata. Ta saka, rubutu ya fito mata tar, ta ji hawaye na neman zubo mata a gaban namiji.

Shi mutum ne mai magana, ita kuwa yunwar magana take ji. Ya ba ta labarin wani bijimin sa da ya taɓa korarsa har kan katanga a Magami, ya tambaye ta abin da 'yan ajinta suka yi yau, kuma ya tsaya ya ji amsa. Ran nan zafin nan ya taso mata suna zaune a zaure, gumi ya keto mata ta cikin mayafi. Kunya ta kama ta. Shi kuwa bai dube ta ba, sai ya ce wai yau garin akwai zafi, ya tashi ya tura ƙyaure ya buɗe, alhali hadari ne a sama, iska mai sanyi na kaɗawa.

Da safe kullum sai saƙonsa ya riga ƙararrawar makaranta.

"Malama, an tashi lafiya? Ɗalibinki na bencin baya yana gaisuwa."

"Ɗalibi mai sanƙo ban taɓa gani ba."

"Maimaita aji ne ya yi yawa. Ki taimaka ki ɗauke ni, kafin a kore ni."

Kafin watan ya ƙare ya je Bunguɗu ya ga Lawwali. Aka tsayar da magana, ɗaurin aure mako guda kafin Layya, babu bidiri, goro da dabino kawai. Ya aiko da akwati ɗaya, leshi ruwan toka, atamfa uku, da takalmi mara tsini, ya ce ya lura gwiwarta ba ta son tudu. Mas'uda ta rufe ƙofa, ta baje su a gado, ta zauna a ƙasa tana kallonsu kamar kayan wata da aka ba ta ajiya. Na uku bai zo ba.

Ranar wata Asabar bayan an tashi Islamiyya ta tsaya tana taya malamarsu Malama Hauwa'u naɗe tabarmi, har kowa ya watse. Sai ta ce wai wata ƙawarta ce a wurin aiki aka saka, ta ga biyu, na uku ya ɗauke, ga shi wata uku sun wuce har da ɗoriya, ko ta fita? Malama Hauwa'u ta ci gaba da naɗi, ta ce ba ta fita ba. Mai ganin jini da jini take fita. In ya ɗauke mata ba ciki ba, ba shayarwa ba, to zama za ta yi, in ya dawo ta cika, in bai dawo ba sai ta kai shekara. Mas'uda ta ce to ai wa zai sani in ba ita ba? Malama ta jingine tabarmar, ta dube ta ta saman tabarau, ta ce shari'a bakin mace take kamawa a wannan, abin da ta faɗa shi ne. Shi ya sa aka ce mata amana.

"Ki gaya wa ƙawar taki," in ji ta, "auren da aka ɗaura cikin idda ba aure ba ne. Ta ji tsoron Allah, ta kuma ji tausayin bawan Allahn da zai ɗauke ta."

A makon nan ne Hajiya Aziza ta yi rajista a Islamiyyarsu. Duk makarantun da ke Samaru ba su yi mata ba, sai ta Tudun Wada. Takan zo da hijabi ruwan ƙasa har ƙasa, da carbi mai ƙirga kansa a yatsa, ta zauna daidai bayan Mas'uda. Ba ta taɓa tayar da maganar ƙaninta ba. Gaisuwa kawai, da tambayar yara. Amma in aka ce a ɗauko Alƙur'ani, Mas'uda takan ji ido a bayan wuyanta. In aka tayar da sallar la'asar, masu fashin salla suka koma gefe suna hira ƙasa-ƙasa, ita ta shiga sahu, sai ta ji kafaɗar Aziza ta manne da tata.

Sau ɗaya ta yi niyyar ta koma gefen nan ta zauna da masu fashi. Har ta ja jiki. Sai ta ji ba za ta iya barin salla da tsarkinta don idon mutum ba, ta miƙe. Da aka sallame Aziza ta kama hannunta ta matsa a hankali, ta ce sannu da ƙoƙari, ke kam tun da na zo makarantar nan ban taɓa ganin kin yi fashi ba.

Saura kwana tara ɗaurin aure, ranar Talata da yamma, Lawwali ya bugo. Babu wasan da ya saba yi mata na kiranta amarya. Ya ce gobe ta nemi izini a makaranta ta zo Bunguɗu, ta fito da wuri don ta koma kafin hanya ta yi shiru. Ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce in ta zo ta ji. Tun daga magaribar nan mararta ta fara murɗawa, bayanta ya riƙe, ta ce fargaba ce. Dalhatu ya turo yana tambayar wane launin fenti take so a ɗakinta. Ta rubuta amsa sau uku tana gogewa.

Da safe ta yi wanka wajen ƙarfe bakwai, ta duba kamar kullum, babu komai. Ta saka atamfa shuɗiya cikin tsofaffin kayanta, ba ta taɓa na akwati ba, ta yafa farin mayafi, ta shiga mota a tasha. Duk tsawon hanya ba wanda ya yi hira, kowa idonsa na kan daji.

A ƙofar falon Lawwali ta ga takalmi ruwan ƙasa da ta sani. Hajiya Aziza tana zaune a kujerar tsakiya, jaka a kan cinya, an ajiye mata fura ba ta taɓa ba. Maijidda matar Lawwali ta tarbi Mas'uda, ta rungume ta ta ɗan daɗe fiye da yadda ta saba, ta koma bakin ƙofar kicin ta tsaya.

Lawwali tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, mutum mai gudun abin kunya fiye da gudun wuta. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi maganar damina, ya yi maganar zumunci, yana murza hularsa a gwiwa. Daga ƙarshe ya ce dangin Alhaji Sahabi sun zo da wata magana, shi kuma bai iya ɗaura aure a kan shakka ba. Magana ce da ba ta dace tsakanin wa da ƙanwa ba, amma ba yadda zai yi.

"Mas'uda, tsakaninki da Allah. Iddarki ta cika?"

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce, ta ce ta cika a Shawwal, babu mai iya ƙaryata ta, duk ƙirgen Aziza ya tashi a banza. Ta ga ɗakin da ake yi wa fenti. Ta ga kuma falon Tsafe, da agogon bango da take jin bugunsa saboda tsabar shiru. Zafin nan ya taso mata, gumi ya gangaro ta bayan kunne. Sai fuskar Dalhatu ta faɗo mata, yana tura ƙyaure yana cewa garin akwai zafi, mutumin da zai zauna da matar wani yana zaton tasa ce.

"Biyu na gani, Yaya. Na uku bai zo ba."

Maijidda ta dafe ƙofa. Lawwali ya sunkuyar da kai yana salati. Mas'uda ta yi sauri ta ce a ɗaga auren kawai, za ta yi wa Malam Dalhatu bayani da bakinta, ko shekara ce za ta zauna, ba ta ƙi ba. Abu ɗaya take roƙo, a bar maganar a ɗakin nan.

Aziza ta zuge jaka ba gaggawa. Ta ce ai ita tun washegarin Salla ta san Mas'uda ba maƙaryaciya ba ce, shi ya sa ta ce wa Alhaji ya kwantar da hankalinsa. Ta fito da takarda ninki huɗu ta miƙa wa Lawwali. Rubutun Sahabi ne, ƙanana kamar tururuwa. Yau Laraba, bayan sallar asuba, a ƙofar masallacin unguwarsu a Tsafe, gaban shaidu biyu da suka sa hannu, ya mayar da matarsa Mas'uda ɗakinta.

"Sonta yake yi?" in ji Maijidda daga bakin ƙofa. "Wata biyar ko gaisuwa bai aiko ba."

"Mi ya kawo so a nan?" Aziza ta ce. "Matarsa ce. Ƙafarsa ta kumbura, sikari ya taso masa, wa zai duba shi? Kuma yac ce in gaya mata, macen da ta tsufa a gidansa ba ta zuwa ta ƙarasa a gidan wani."

Ta ƙara da cewa Juma'a za a turo mota. Akwatin mutane kuma a mayar musu da abinsu tun ba a ji a gari ba.

Aka kira azahar. Lawwali ya miƙe kamar an cece shi, ya zura takalmi ya tafi masallaci. Mas'uda ta ɗauki buta ta zagaya bayan gida. Ta rufe ƙyauren langa-langa, ta kwance zane.

Ta daɗe a tsugune tana kallo. Ja wur, babu shakka a cikinsa. Kusan wata uku tana roƙonsa, ya tashi zuwa ya makara da rabin yini.

Da shirun ya yi yawa Maijidda ta biyo ta, ta ƙwanƙwasa, ta tura. Kallo ɗaya ta yi ta gane. Ta koma ɗaki da sauri ta dawo da auduga a cikin hijabinta, ta ja ƙyaure ta rufe su biyu, ta kawo bakinta daidai kunnen Mas'uda. Ta tambaye ta yaushe ta fara jin ciwon mara. Mas'uda ta ce tun jiya da magariba. Maijidda ta ce to shi ke nan, tun jiya ya zo, ba ta lura ba ne, takardar asuba ta tarar da ita ba matar kowa ba. Mas'uda ta girgiza kai, ta ce ta duba da safe, da idonta, babu komai.

"Wa ya gani ban da ke?" in ji Maijidda. "Ke, a halin da kike ciki ma ba mai sa ki dafa Alƙur'ani. Sau ɗaya kin faɗi gaskiya, kin ga abin da ta saya miki."

Suka fito. Aziza ta idar da sallarta a tsakar gida, tana zaune a kan darduma tana danna carbi. Ta dubi fuskar Mas'uda, busasshiya, ta dubi hannayenta, babu ɗigon ruwan alwala. Ta matsa gefe ta nuna mata dardumar. Mas'uda ba ta motsa ba. Carbin ya tsaya.

Lawwali ya yi sallama ya shigo, ya tarar da su ukun a tsakar gida. Maijidda ce ta gaya masa na ukun ya zo, a taƙaice, kanta a ƙasa. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ya zaro takardar daga aljihu ya sake duba lokacin da aka rubuta a kanta, sannan ya ɗago ya dubi ƙanwarsa.

"Tun yaushe, Mas'uda?"